Kifin Bakan Gizo a Akwatin Gilashi: Kiwo, Hayayyafa da Tsare Iri

Daga cikin kifayen ado da ake kiwatawa a akwatunan gilashi cikin gidaje akwai wani dangi da ake kira kifin bakan gizo, wanda asalinsa koguna ne da tafkuna da fadamun ƙasar Ostiraliya da na tsibirin Niyu Gini da 'yan tsibiran da ke kewaye da shi, kuma masana halittu suna tattara ire-irensa a ƙarƙashin sunan Melanotaeniidae. Niyu Gini babban tsibiri ne a arewacin Ostiraliya, wuri ne dabam da ƙasar Gini ta Afirka ta Yamma. Rabinsa na gabas shi ne ƙasar Papua Niyu Gini, rabinsa na yamma kuma yana cikin Indunusiya. Yawancin kifayen wannan dangi ƙanana ne, tsawonsu tsakanin santimita 5 ne zuwa 12, jikinsu a matse yake ta gefe da gefe, kuma suna da fiffike biyu a gadon baya, gajere a gaba da dogo a bayansa, wanda shi ne alamar da ake saurin gane su da ita. Mutumin da ya gan su a shagon masu sayar da kifin ado ba lalle ne ya sake waiwayarsu ba, domin abin da ake kawowa kasuwa galibi matasa ne 'yan watanni kaɗan masu launin azurfa a koɗe, alhali launin da ya jawo musu suna ba ya cika sai kifin ya shekara, wani lokaci ma ya shekara biyu, a cikin ruwa mai tsabta da abinci mai kyau.

Kakannin waɗannan kifaye mazauna teku ne, daga rukunin ƙananan kifaye masu ƙyallin azurfa da ke yawo garke-garke a gaɓar ruwa, waɗanda masana ke kira Atheriniformes. Da yake Ostiraliya ta daɗe da rabuwa da sauran nahiyoyi, manyan dangogin kifayen ruwan daɗi da suka cika kogunan Asiya da Afirka ba su sami hanyar isa can ba, sai kifayen teku suka riƙa kutsawa cikin koguna suna sabawa da ruwan da babu gishiri har suka zama 'yan gida. A zamunan da ruwan teku ya ja baya, Ostiraliya da Niyu Gini dunƙulalliyar ƙasa ɗaya ce, kuma mashigin Torres da ya raba su a yau bai cika da ruwa ba sai 'yan dubban shekaru da suka wuce, abin da ya sa ake samun wasu ire-ire a arewacin Ostiraliya da kudancin Niyu Gini baki ɗaya. A cikin tsibirin kuwa tsaunuka ne suka yi aikin rabawa, kowane kwari da koginsa, kowane tafki da iyakarsa, kuma kifin da ya maƙale a wuri ɗaya tsawon dubban shekaru ba tare da cuɗanya da maƙwabtansa ba yakan ɗauki launi da siffa nasa na kansa. Ire-iren da aka sa wa suna zuwa yanzu sun haura 100, kuma da dama daga cikinsu ba a samunsu ko'ina a duniya sai a tafki ɗaya ko a rafi ɗaya.

Masanin Birtaniya John Richardson ne ya fara bayyana ɗaya daga cikinsu a rubuce a shekarar 1843, daga samfurin da aka kamo a arewacin Ostiraliya, kuma tun a shekarun 1920 aka aika wani iri na jihar Queensland zuwa Jamus, inda masu sha'awar kiwon kifi suka hayayyafa shi. Duk da haka dangin bai yi tashe ba sai a ƙarshen shekarun 1970 da cikin shekarun 1980, lokacin da Gerald Allen, masanin kifaye na gidan tarihin Ostiraliya ta Yamma da ke birnin Perth, ya shiga zagaya lungunan Niyu Gini yana bayyana sababbin ire-ire. Labarin irin da ya fi kowanne shahara a yau, wato Melanotaenia boesemani, ya nuna yadda abin ya kasance. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Marinus Boeseman ne ya kamo shi a tsakiyar shekarun 1950 daga tafkunan Ayamaru da ke ƙuryar yammacin tsibirin, aka ajiye samfurin cikin kwalabe a gidan tarihi na Leiden fiye da shekara 20, sannan Allen da abokin aikinsa Norbert Cross suka gane cewa sabon iri ne, suka sa masa sunan Boeseman a 1980. Bayan shekara biyu aka fito da rayayyu zuwa Turai, kuma ba a daɗe ba kasuwa ta buɗe har aka riƙa kwasar mazan dubbai-dubbai daga tafkunan ana tura su Jakarta. A yau yana cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa a muhallinsu na asali, alhali a gonakin kifi na kewayen Jakarta da na jihar Florida ta Amurka ana hayayyafa shi da yawa, kuma kusan duk wanda ake gani a shago daga irin waɗannan gonaki ya fito.

Namijin boesemani idan ya ƙosa yakan kai santimita 10 ko 11, rabin jikinsa na gaba shuɗi ne mai duhu-duhu, rabin baya kuma ruwan lemo ne ko rawaya mai haske, da wasu 'yan layuka baƙaƙe a tsakiya inda launukan biyu suka haɗu. Macen ta fi shi ƙanƙanta da siranta, launinta kuma a dushe yake, kuma haka abin yake a kusan dukan dangin. Akwai Glossolepis incisus na tafkin Sentani kusa da birnin Jayapura, wanda namijinsa ja ne wur mai doro, macensa kuma rawaya-rawaya mai ƙyallin azurfa. Akwai Melanotaenia lacustris na tafkin Kutubu a tsaunukan Papua Niyu Gini, shuɗi mai sirkin kore a sama da fari a ciki. Akwai kuma Melanotaenia praecox na yankin kogin Mamberamo, wanda bai cika wuce santimita 6 ba, jikinsa shuɗi mai walƙiya, fikafikan namiji ja, na mace rawaya. Wannan na ƙarshe shi ya fi dacewa da mai ƙaramin ɗaki, kuma yana nuna launinsa da wuri fiye da manyan. Shi kuwa Iriatherina werneri mai dogayen fikafikai sirara, duk da kyansa bai dace da sabon shiga ba, saboda bakinsa ƙarami ne ƙwarai kuma sauran kifaye kan riga shi ga abinci.

Shuɗin da koren da ƙyallin da ake gani a jikinsu suna fitowa ne daga wasu ƙwayoyin halitta na cikin fata masu ɗauke da ƙananan lu'ulu'ai a jere, waɗanda ke mayar da haske, saboda haka launin kan sauya gwargwadon inda hasken ya fito da kuma halin da kifin ke ciki. Kifin da ya firgita, ko aka ajiye shi shi kaɗai, ko aka sa shi a kan farar tsakuwa ƙarƙashin fitila mai kashe ido, yakan koɗe nan take. Don haka ake shimfiɗa yashi ko tsakuwa mai duhu, a dasa tsirran ruwa a baya da gefe biyu, a bar tsakiya fili, domin kifaye ne masu iyo ba hutawa kuma tsawon akwati ya fi zurfinsa muhimmanci a gare su. Manyan ire-ire kamar boesemani da incisus suna bukatar akwati mai tsawon santimita 120 ko fiye, mai ɗaukar kimanin lita 200, yayin da praecox zai wadatu da mai tsawon santimita 80. Ba a ajiye ƙasa da guda shida, kuma ya fi kyau mata su kai yawan maza ko su zarce, don kada maza su tsananta wa mace ɗaya. Samun maza fiye da ɗaya kuwa shi ke fito da launi, tun da gasa suke yi a tsakaninsu. Murfi wajibi ne, saboda suna tsalle idan sun razana.

Ruwan akwatin da aka haɗa jiya, komai haskensa, bai shirya karɓar kifi ba. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta kashinsa da ta wurin numfashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe ma yana ƙara shi, kuma amoniya guba ce ko da kaɗan ce. A cikin matacin ruwa, wato na'urar da ke jan ruwan ta bi da shi ta cikin soso ko tsakuwa, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani kan zauna su mayar da amoniya zuwa naitirayit, wanda shi ma guba ne, sannan wasu su mayar da naitirayit zuwa naitiret, wanda kifi ke iya jurewa muddin bai taru da yawa ba. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita akan ɗauki mako huɗu zuwa shida, ana barin matacin yana aiki ana ɗan jefa abinci a ruwan da babu kifi, kuma ana gane an kai gaci ne idan kayan gwajin ruwa suka nuna babu amoniya babu naitirayit. Saboda waɗannan ƙwayoyi ne ba a wanke soson mataci da ruwan famfo ko da sabulu, sai dai a matse shi a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin kansa.

Naitiret kuwa canjin ruwa ne ke fitar da shi, kuma a nan kifin bakan gizo ya fi kifayen ado da yawa tsanani, domin tsohon ruwa yana tsuke girmansa yana dushe launinsa tun kafin wata cuta ta bayyana. Akan zuƙe kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na ruwan a kowane mako a mayar da sabo mai zafi daidai da na ciki, bayan an kashe sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo da maganin da ake sayarwa don haka. Game da ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kaifi irin na kanwa, kuma lamba 7 ce tsakiyarsa, yawancin ire-iren suna zama lafiya tsakanin 6.5 da 8. Boesemani da lacustris sun fito ne daga ƙasar duwatsun farar ƙasa, saboda haka sun fi son ruwa mai ma'adinai da yawa, irin wanda sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa, kuma ruwan rijiyar burtsatse sau da yawa ya fi dacewa da su a kan ruwan sama. Mai kiwon da ke zuba magunguna kullum don ya cim ma wata lamba da ya karanta yakan jawo wa kifinsa wahalar da ta fi ta ruwan da ya ɗan kauce wa lambar amma bai sauya ba.

Zafin da suka fi so digiri 24 ne zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. A Turai matsalar mai kiwo ita ce ɗumama ruwa, amma a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maraɗi, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, matsalar ta juya, domin ruwan akwati na iya wuce digiri 30, kuma gwargwadon ɗumin ruwa gwargwadon raguwar iskar oksijin da ke cikinsa, ga shi kuwa waɗannan kifaye masu yawan motsi ne da ke bukatarta da yawa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a maye murfin da raga, a sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, wanda zai sauko da zafin da digiri biyu ko uku ta hanyar da ruwan randa ke yin sanyi, sannan a ƙara famfon iska a rage awannin fitila. A darerun hunturu kuma ƙaramin akwati na iya yin sanyi da sauri, don haka hita mai kashe kanta idan ta kai zafin da aka saita mata tana da amfani. Ɗaukewar wutar lantarki ta fi duka haɗari, saboda idan mataci ya tsaya na awanni masu yawa ƙwayoyin da ke cikinsa kan fara mutuwa. Famfon iska mai aiki da batir yana cikin kayan da ya kamata a tanada tun kafin kifi, kuma ba a ba da abinci yayin da komai yake tsaye.

A daji abincinsu ƙwari ne da ke faɗowa kan ruwa, da tururuwa, da tsutsotsin ƙwari, da gansakuka. Bakinsu yana kallon sama kuma maƙogwaronsu ƙunci gare shi, shi ya sa babban kifi kan ɗauki ƙwayar abinci ya furzar da ita idan ta yi masa girma. Abincin gwangwani mai falle-falle ko mai ƙananan ƙwayoyi ya isa zama ginshiƙi, a riƙa haɗawa da mai sirkin ganye da kuma rayayyen abinci irin su tsutsar sauro, wadda suke wawaso a kanta, da sharaɗin kada a bar mazubin da ake tara ta ya zama matattarar sauro a cikin gida. Sau biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu, ya wadatar. Ba su da faɗa da sauran kifaye, amma saurinsu kan hana masu sanyin jiki cin abinci.

Cutar fararen ɗigo, wadda wata ƙwayar halitta ke haddasawa a fata, tana warkewa da magani idan an gan ta da wuri. Wadda ta fi damun masu kiwon wannan dangi ita ce ta bakteriyar Mycobacterium, 'yar uwar wadda ke kawo tarin fuka ga mutane ko da yake ba ita ba ce, wadda ke sa kifi ya riƙa ramewa a hankali, ya fito da gyambon da ba ya warkewa, wani lokaci ƙashin bayansa ya karkace. Babu wani magani tabbatacce, kuma tana iya shiga rauni a hannun mutum ta haifar da ƙurji mai daɗewa, saboda haka mai rauni a hannu ba ya tsoma shi a akwati sai da safar roba. Keɓe sabon kifi a wani akwati daban na tsawon mako huɗu kafin a haɗa shi da na gida shi ne kariyar da ta fi inganci.

Hayayyafa kuwa ba ta bukatar wata dabara ta musamman, domin kifin da ya ƙoshi a ruwa mai kyau zai yi ta da kansa kusan kowace safiya. Da hasken farko ya shigo ɗaki, namiji kan miƙe fikafikansa duka, launinsa ya yi duhu ya ƙara ƙarfi, sannan wani layi mai haske ya bayyana daga leɓensa na sama zuwa gindin fiffiken baya na farko, yana kunnuwa yana mutuwa cikin daƙiƙa, fari ko rawaya ko ruwan lemo gwargwadon iri. Maza biyu kan jera kafaɗa da kafaɗa suna zagaya juna suna nuna faɗin jiki, kuma ba kasafai abin ke kai wa ga rauni ba. Wanda ya yi rinjaye sai ya riƙa kai-komo tsakanin mace da wurin da ya zaɓa cikin tsirrai, idan ta biyo shi su manne gefe da gefe su yi ɗan makyarkyata, ta saki ƙwai shi kuma ya saki maniyyinsa. Kowane ƙwai yana da 'yan zarurruka sirara masu danƙo da yake rataye da su a jikin ganye. Macen ba ta zubar da ƙwanta gaba ɗaya a rana guda, sai dai kaɗan-kaɗan, daga 'yan ƙwayoyi zuwa 'yan gomomi a kowace safiya har tsawon kwanaki ko makonni, kuma iyayen ba sa gadi, hasali ma sukan cinye abin da suka tarar.

Wanda yake son ya raya 'ya'yan yakan tanadi akwati na dabam mai lita 40 zuwa 60, ba yashi a ƙasansa, da matacin soso mai aiki da iska, da zafin kimanin digiri 26, ya sa namiji ɗaya da mata biyu ko uku waɗanda aka ciyar da rayayyen abinci na mako guda. A maimakon tsirrai ana amfani da tuntun zare. Ana samun zaren saƙa na roba, kore ko ruwan ƙasa, a naɗe shi a jikin littafi sau 50 zuwa 100, a ɗaure gefe ɗaya tamau a yanke ɗaya gefen da almakashi, a jiƙa shi a tafasasshen ruwa don ya fitar da ragowar rini, sannan a ɗaura kansa a jikin toshiyar kwalba ko wata 'yar robar da ke yawo a saman ruwa, jelarsa tana reto har kusa da ƙasa. Ulu na gaske ba ya yi, domin ruɓewa yake a ruwa. Idan aka ɗaga tuntun bayan kwana biyu aka ɗan matse shi aka buɗa zarurrukan a gaban haske, za a ga ƙwayayen garai-garai, kowanne milimita ɗaya ko fiye kaɗan, kuma ɓawonsu yana da ƙwarin da za a iya mirgina su tsakanin jiƙaƙƙun yatsu ba su fashe ba. Wannan ƙwari ne ya sa masu kiwo a ƙasashe daban-daban ke aika wa juna ƙwai ta gidan waya a cikin damshin zare.

Bayan kwana biyar zuwa bakwai akan ɗauke tuntun a mayar da shi wani mazubi mai ruwa iri ɗaya da zafi iri ɗaya, a sa sabo a madadinsa, domin 'ya'yan kowane mazubi su kasance tsararrakin juna. Ƙwan da ya yi fari fat bai ɗauka ba, kuma cire shi ya fi, saboda fumfunar da ke kama shi tana yaɗuwa zuwa na kusa. A cikin mai rai, bayan 'yan kwanaki, za a hangi ɗigo biyu baƙaƙe, waɗanda su ne idanu. Ƙyanƙyasa tana zuwa tsakanin kwana 7 da 12 gwargwadon iri da ɗumin ruwa.

Makonni biyun farko su ne inda mafi yawan masu gwadawa ke asarar 'ya'yan, kuma yunwa ce ke kashe su. Jaririn kifin bakan gizo bai wuce milimita 4 ko 5 ba, yana tsayawa ne dab da saman ruwa, ba ya bin abinci zuwa ƙasa, bakinsa kuma ya yi ƙanƙantar da abincin da jariran wasu kifaye ke farawa da shi ba ya shiga. Abin da yake iya ci shi ne ƙananan halittun ruwa da ido ba ya rarrabewa sosai, waɗanda ake kira infusoriya, kuma ana noma su ne ta hanyar jefa ɗan ganyen latas ko ɓawon ayaba a kwalbar tsohon ruwan akwati a bar ta wurin haske. Ruwan zai fara yin dishi-dishi da wari, bayan kwanaki ya washe, a lokacin ne za a ga wani farin ƙura-ƙura yana motsi idan an ɗaga kwalbar, kuma shi ake ɗiba da sirinji a ɗiga musu. Dole a fara wannan noma mako guda kafin ƙyanƙyasa. Ana haɗawa da garin abincin jarirai mai laushi ƙwarai wanda ke tsayawa a saman ruwa, a barbaɗa ɗan mitsitsi sau uku ko huɗu a rana, kuma wasu kan yi amfani da gwaiduwar dafaffen ƙwai da aka tace ta cikin ƙyalle, ko da yake tana saurin ɓata ruwa. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 10 zuwa 15, iska kuma a rage ta zuwa kumfa ɗaya-ɗaya, don kada igiyar ruwa ta gajiyar da su. Bayan kwana 10 zuwa 14 bakinsu kan isa ɗaukar jariran Artemia, wata ƙaramar jatan lande ta ruwan gishiri da ake sayen busasshen ƙwanta a ƙyanƙyashe shi cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi a kwalbar ruwan gishiri mai iska. Alamar sun ci ita ce cikinsu ya yi ja-ja ya kumbura, kuma daga nan mace-mace kan ragu ƙwarai.

Girmansu a hankali yake. Ana canza ɗan ruwa kaɗan-kaɗan da siririn tiyo kusan kullum, ana ware waɗanda suka yi gaba don kada su danne ƙanana, kuma sai sun kai wata shida ko fiye yawancin ire-iren ke fara hayayyafa, doron namiji da cikar launinsa kuwa suna zuwa ne daga baya. Kifin da aka kula da shi yakan rayu shekara biyar ko sama da haka.

Sauƙin hayayyafar nan shi ne kuma tushen babbar matsalar dangin. Tun da tsaunuka da magangarun ruwa ne suka raba ire-iren, ba wani shinge a cikin halittarsu ba, idan aka tara su a akwati ɗaya namijin wannan kan bi macen wancan, har tsakanin rukunan da sunayensu na farko suka bambanta, kamar Melanotaenia da Glossolepis, kuma 'ya'yan da aka samu sau da yawa su ma suna haihuwa. Matan ire-ire da yawa sun yi kama da juna ƙwarai, ta yadda ko gwani zai iya ruɗewa a shago. Ruwa-biyun da ake samu galibi launinsu ya cakuɗe ya dushe, kuma da zarar sun shiga kasuwa da sunan iri na asali, ba a iya tsame jinin da ya shiga. Haɗa ire-ire don kallo ba laifi ba ne, amma ƙwan da aka samu a irin wannan akwati ba a raya shi.

Dalilin tsanantawar masu kiwo a kan wannan batu yana cikin abin da ya faru a tafkin Eacham, wani tafki a bakin tsohon dutse mai aman wuta a tudun Atherton na Queensland. An bayyana kifinsa, Melanotaenia eachamensis, a 1982, amma zuwa 1987 masu bincike ba su sami ko ɗaya a tafkin ba, domin wasu mutane sun saki waɗansu kifayen Ostiraliya masu farauta a cikinsa. Abin da aka san ya rage a lokacin shi ne zuriyar 'yan kaɗan da masu sha'awa suka ɗiba tun farko suka riƙe a akwatunansu ba tare da gauraya ba, da yawansu 'yan ƙungiyar ANGFA ta masu kiwon kifayen Ostiraliya da Niyu Gini. An saki kimanin 3,000 a tafkin a 1989 amma ba su ɗore ba, saboda mafarautan suna nan, kuma sai daga baya binciken ƙwayoyin gado ya gano ragowar irin a wasu rafuka da wani tafki na kusa. A 2015 kuma aka tarar an saki wani iri gama-gari a saman kogin Running, shi ma a Queensland, inda wani iri na musamman ke zaune a ɗan gajeren yanki tsakanin magangarun ruwa biyu, har gauraya ta fara. Masu kiwo suka tara kuɗi ta intanet, jami'ar Canberra da jami'ar James Cook suka hayayyafa tsantsar irin bayan gwajin gado, aka sake su a wasu rafuka biyu da baƙon bai kai ba. A tafkin Sentani ma baƙin kifaye, ciki har da karfasa da asalinta Afirka ne, suna cikin abubuwan da ke takura wa na gida, wanda ya isa hujjar cewa kifin akwati ba a zuba shi a kogi ko dam ko kududdufi a kowace ƙasa.

Wannan ya sa masu kiwo na gaske ke rubuta sunan kogi ko tafki bayan sunan iri, kamar Melanotaenia trifasciata na kogin Goyder, su manna takardar a jikin akwati, kuma ba sa haɗa 'yan koguna biyu ko da sunan kimiyyarsu ɗaya ne. Don kauce wa raunin da auren dangi na kusa ke kawowa bayan zuriya da yawa, irin su karkataccen baki da ƙanƙancewar jiki, sukan hayayyafa daga maza da mata da dama maimakon namiji ɗaya da mace ɗaya, kuma bayan 'yan zuriyoyi su nemo sababbin iyaye daga wani mai kiwo da ke riƙe da zuriyar wannan kogin.